Babi na Bakwai: Ina Kitsonta?

Ranar da muka je jeren ɗiyar yayata a Sabon Garin Damagaram, an gama kafa gado, an ɗaura labule, an jera kwanuka a kabad, sai amarya ta aiko ƙanwarta da wani abu naɗe cikin zane, ta ce a rataya mata shi a falo, saitin ƙofa. Muka kwance. Hoto ne cikin firam na katako, girmansa bai wuce faifai biyu ba. Takardar launin ƙasa ce, kamar bangon da aka yi wa yaɓe jiya. Daga sama akwai da'ira ja irin ta rana gab da magariba, a gefe ganye guda. A tsakiya kuwa wani baƙin layi ne siriri, ɗaya tal, ya taso daga wuya, ya gangaro kafaɗa, ya lanƙwasa a ƙugu, ya je ya naɗe a gwiwa. Mace ce a zaune ta ba da baya. Ba ido, ba hanci, ba baki. A waya amarya ta gan shi, a Pinterest, ta kai wa masu buga hoto suka fitar mata.

Innarmu, kakar amarya, tana zaune kan tabarma tana ƙirga tasoshi, ta ce a miƙo mata. Ta daɗe tana dubawa, ta nesanta shi, ta sake kusanto shi. Duk mun zaci faɗa za ta yi, ko a kan hoton mutum a ɗakin da za a riƙa salla, ko a kan rashin sutura. Sai ta ɗago ta ce, "To ita wannan baiwar Allah, ina kitsonta?"

Ƙanwar amarya ta ce, "Kaka, haka ake yin su, ba a sa musu komai."

"Ba a sa musu komai? To yaya za a yi a san 'yar gidan wa ce? Budurwa ce, matar aure ce, ko takaba take yi?"

Aka yi dariya, aka ci gaba da aiki. Ni kuwa tambayar ta bi ni har gida. Inna ba ta nemi fuska ba. Rashin ido da baki bai dame ta ba ko kaɗan, domin ta saba ganin mace ba fuska tun tana yarinya. Abin da ta rasa shi ne alamar da za ta gaya mata wace ce wannan a cikin mutane. Duk mai zanen da ya ce zai taƙaita, dole ya zaɓi abin da zai zubar da abin da zai bari, kuma abin da ya bari shi ke nuna me ya ɗauka mace. Wanda ya ja wancan layi ya bar kafaɗa da ƙugu. Da Inna aka ba alƙalamin, kitso za ta bari.

Masu sayar da irin wannan hoto a intanet suna kiran salon boho, wato gajarta kalmar bohemiyan. Faransawa sun daɗe suna zaton wata al'umma mai yawo da ake kira Roma daga ƙasar Bohemiya ta fito, yankin da yau yake cikin Jamhuriyar Cek, alhali asalinta daga Indiya ne. A ƙarni na 19 sai aka ari sunan aka laƙaba wa matasan masu zane da mawaƙa na birnin Paris, masu kwana a ɗakunan haya na can ƙarƙashin rufi, yau da ci gobe babu, waɗanda suka juya wa aikin ofis da tsarin iyayensu baya. Littafin Henri Murger da ya yayata rayuwarsu ya fito a 1851, shekarar da Baturen Ingila James Richardson ya sauka a Zinder, wato Damagaram, a zamanin Sarki Ibrahim. Yau kalmar ta bar talauci ta koma kayan ɗaki: launin jar ƙasa da na rairayi, kwando, tabarmar kaba, tukunyar yumɓu a lungu. Duk Bahaushiyar da ta ga hotunan irin waɗannan ɗakuna za ta ga kayan kakarta ne aka wanke aka sa wa tsada.

Layin nan guda kuma yana da iyayensa. A 1906 Henri Matisse ya sayi wani ɗan gunkin katako na ƙasar Kwango a wani shago a Paris, ya nuna wa Pablo Picasso. Shekara ta zagayo, 1907, Picasso ya zana mata biyar a babban allo, biyu daga cikinsu da fuskoki irin na dodannin katako na Afirka. Amedeo Modigliani, Ba'italiyen da ya yi rayuwar bohemiyan har ta kashe shi a 1920 yana da shekara 35, shi ne mai mata masu dogon wuya da idanu marasa ƙwaya. A 1917 'yan sanda suka sa aka sauke zanensa na mata tsirara daga wani shagon baje koli. Matisse kuwa da tsufa ya kama shi, ciwo ya ɗaure shi a kujera, sai ya koma yanka takarda mai launi da almakashi. A 1952, yana da shekara 82, ya yanka jerin mata shuɗɗa a zaune, ba fuska, gaɓoɓi kawai a harɗe. Mafi yawan abin da ake bugawa yau da sunan boho jikokin waɗannan shuɗɗan mata ne.

Ba na raina gwanintar mutanen nan. Wanda ya taɓa gwada fitar da siffar mutum da layi ɗaya ya san aikin ba na yara ba ne. Amma a shekarun da Paris take koyon taƙaitawa daga sassaƙar Afirka, wani irin hoton matan Afirka ne yake shiga akwatunan wasiƙunta. Edmond Fortier, mai ɗaukar hoto da ke zaune a Dakar a farkon ƙarni na 20, ya buga katunan gidan waya masu ɗimbin yawa, da yawansu 'yan mata ne ƙirji a buɗe, an rubuta sunan ƙabila a ƙasa, ba sunan yarinya. Sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka su ne masu saye su aika gida. Zinder ita ce hedikwatar mulkin Faransa a wannan ƙasa daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar Yamai, don haka irin idon da ke sayen waɗancan katuna ya zauna a nan, a gindin duwatsunmu. Idan na dubi macen boho, wadda ba ta da suna, ba ta da gari, ba ta da aikin yi sai zama, ina jin ƙanshin wancan kati, ko da mai zanen na yau mace ce, ko da da kyakkyawar niyya ta yi.

A Damagaram hanyar da aka bi dabam ce, kuma addini ne ya share ta. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda duk wanda ya yi karatun zaure a Birni, tsohon garin Zinder, ya san ta, ta ambaci karhancin siffofi a jikin bango da gado da zobe. Malaman Malikiyya na baya sun bambanta siffa mai inuwa, wato gunki, da marar inuwa da ke kan takarda ko tufa, sun kuma bambanta cikakkiya da wadda aka rage wa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita. Malaman yau sun saɓa a kan hoton da aka shafe wa ido da baki: wasu na ganin ya wadatar, wasu na cewa sai an cire kan gaba ɗaya. Amaryarmu maganar farko ta bi, shi ya sa ta zaɓi marar fuska, kuma 'yan mata Musulmi da yawa da ke zane a waya yau haka suke yi, su zana mace da hijabi su bar fuskar fili. Maganar zane ba wasa ba ce a garin nan. Wanda yake Zinder ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, ba ya bukatar a tuna masa.

Ka zaga Birni da ƙafa, daga fadar Sarki, cikin ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ita a tsakiyar ƙarni na 19, ka bi lungunan da ke ratsa tsakanin manyan duwatsu. Fuskokin gidaje cike suke da zane: dagi, da'ira cikin da'ira, wata da tauraro, takobi, wasu an tono su a jikin yaɓe, wasu an tayar da su, wasu an shafa musu shuɗi da kore da rawaya. Wannan ado na cikin abin da ya sa a 2006 Nijar ta shigar da Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Amma ba za ka ga mace a bangon nan ba. Magini yakan sa wa mai gida alamar sarauta ko ta arziki a ƙofar zaure, ita kuwa uwargida tana can ciki, bayan zaure na biyu. Sai dai ka ɗaga kai ka dubi zankayen da ke tsaye a kusurwoyin soro: kalmar da ake kiran su da ita, ita ce ta tukkun da ake bari a kai. Ko gini ma sai an yi masa gyaran kai kafin a ce ya cika.

Inda siffar mace ta sami mafaka shi ne hannun yara. Malamai sun yi rangwame ga 'yar tsana, bisa hujjar cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta wannan ƙofa ce 'yan matan ƙasar Hausa suka yi ta ƙera mace shekara da shekaru, ba wanda ya kira abin fasaha.

Tawa ta farko da ƙashin ƙafar ragon layya aka yi ta. Bayan salla Inna ta wanke shi da toka, ta shanya a kan danga har ya yi fari. Gefen da ke da dunƙule biyu shi ne kai. Ta murza danƙo a tafin hannu ta manna, ta tsinko baƙin zare daga bakin wani tsohon zane ta dasa a cikin danƙon da tsinke, sili-sili, sannan ta zauna ta kitsa shi, kitso na gaske, da tsaga a tsakiya, irin dokar da take yi wa kanta lokacin tana amarya. Ta ɗaura mata jigida ta 'yan ƙananan duwatsu zagaye uku, ta huda danƙon ta sa 'yan kunne na waya. Ni aka aika wurin tela na roƙo ƙyallaye, aka yi zane da ɗankwali da majanyi. Ba hannu, ba ƙafa, ba ido. Ban taɓa jin wata cikinmu ta ce 'yarta ba ta gani ba. Amma ranar da kitson tawa ya warware, ban fita da ita ba, kunya nake ji, kamar yadda uwa ba ta fita da 'yarta kai a tsefe ranar salla. Waɗanda ba su sami ƙashi ba da kara suke yi, ko totuwar masara, ko yumɓu. Mukan yi musu suna, mu yi musu biki, mu dafa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, a kai amarya gidan 'yar tsanar maƙwabta da guɗa.

In ana maganar taƙaita siffar mace, ban san wanda ya kai wannan ba. Sanda guda ce, an zubar da duk abin da jiki ya mallaka, an bar abin da hannun mutane ya ɗora masa: kitso, jigida, ɗaurin zane, goyo. Kowanne kuwa magana yake yi. A garin da gidan sarautarsa daga Barno ya samo tushe, inda Bahaushiya da Babarbariya da Bafillata da Buzuwa suke cin kasuwa ɗaya, daga nesa ake gane mace, tun fuskarta ba ta bayyana ba, ta kitsonta da yadda ta yafa mayafi. Abin da Inna take nema ke nan a jikin hoton amarya. Har yau dubi allunan da masu kitso ke kafawa a ƙofar shago: kawuna shida ko takwas a jere, fuskokin duk iri ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya, mai zanen bai ɓata lokaci a kansu ba. Ƙoƙarinsa duka yana kan tsagar kai.

Akwai kuma tulu. Mirya, kusan kilomita 18 gabas da Zinder, ta yi suna da ginin tukwane, kuma ranar Lahadi da kasuwarta ke ci za ka ga tuluna da randuna jere a ƙasa, jajaye, wasu da zanen fari a kafaɗa. Saurari yadda mai saye da mai sayarwa ke magana: bakinsa ya yi faɗi, wuyansa gajere ne, cikinsa babba, gindinsa bai zauna daidai ba. Harshen da kansa ya riga ya mai da tulu mutum. Mai ginin ba ta ce mace take ginawa ba, ruwa take nema wa wurin zama mai sanyi, amma layin da hannunta ke bi daga wuya zuwa ciki shi ne dai layin da mai zanen boho yake nema da alƙalaminsa. Wannan dangantaka ta tukunya da jikin mutum tsohuwa ce a ƙasar nan. A Bura, can yamma wajen Tera, inda aka gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, Boube Gado na jami'ar Yamai ya yi tono a 1983 ya fito da tukwanen binne mamata da aka kife, da yawansu ɗauke da kawunan mutane na yumɓu, fuska shafaffiya, ido tsaga biyu, amma tsagar gado da adon kai an fitar da su dalla-dalla. Sun haura shekara dubu. Ɓarayin kayan tarihi sun wawashe wurin har sai da aka sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka hana fataucinsu a duniya a shekarar 2000, tare da gumakan yumɓu na yankin Katsina da Sakkwato. A arewa kuma, a duwatsun Abzin, wuraren irin su Iwelen, mutanen da suka sassaƙa siffofi a jikin dutse tun kafin zuwan Musulunci da nisa sun gina jikin mutum da kusurwa uku-uku guda biyu, suka ƙawata kai.

Wani abin da hoton boho ba ya iya nunawa shi ne cewa a nan mace ita ce mai zanen, jikinta kuma shi ne allon. Kafin zuwan lallen leda mai fure-fure, ƙunshi ake yi: a kwaɓa lalle, a lulluɓe ƙafa da ganye da tsumma, hannu a zura shi cikin zunguru a kwana da shi. Da safe a wanke, sai ga ja ya tsaya cak a wuyan hannu, layi guda, kamar an sa safa. Da katambiri ake ja wa fuska baƙin layi daga goshi zuwa karan hanci, kwalli a ido, fure da goro a haƙora. Launi uku ko huɗu ne kacal, kowanne da wurinsa. Wanda ke neman ƙarancin ado mai cika ido, ga shi nan, kuma ba don a rataya a bango wani ya kalla aka yi shi ba. Mai shi ce take yawo da abinta, ta nuna wa wanda ta ga dama, ta rufe wa wanda ta ga dama.

Masu zane na gida da ke sayar wa baƙi sun daɗe da gano cewa akwai siffar mace ɗaya da ba ta kwantai: doguwa, siririya, baƙa wuluk kamar inuwa, tulu a kai, rana tana faɗuwa a bayanta. Ana yin ta a kan ƙyalle, a kan fata, a kan katin gaisuwa. Ta fi macen boho sutura, ta kuma fi ta aikin yi, amma ni ba na iya kallon ta da sanyin zuciya. Zinder gari ne da ke zaune kan dutse, ƙishirwa kuwa tsohuwar maƙwabciyarsa ce. Daga Gogo da Machaya da Arunguza ake turo masa ruwa, kuma duk wanda ya yi bazara a nan ya san layin jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo tun kafin kiran assalatu, ya san kukan kurar 'yan ga-ruwa a lungu. Macen da ke ɗauke da ruwa a garin nan ba tafiyar rangwaɗa take yi ba. Wuyanta a sanƙare yake, gammo ya jiƙe, hannu ɗaya na riƙe da jarka, ɗayan na tallafe da goyo. Layi ɗaya zai iya faɗin wannan duka, in mai jan sa ya taɓa tsayawa a bakin famfon ya duba da kyau. Abin da nake fata daga yaranmu masu zane a waya da kwamfuta ke nan, su da suka iya salon nan fiye da yadda ake zato: hannun su ɗauka daga ko'ina, ba laifi, amma idon ya zama na wanda ya san matar.

An dai rataya hoton amarya inda ta ce. Bayan wata biyu na raka Inna gidan, muka tarar da ƙanwar nan tata, wadda take yi wa 'yan matan unguwa lalle ranar Alhamis da yamma, tana kwance a kan leda da bayan wata tsohuwar kalanda a gabanta. Ragowar baƙin lalle ne a ledarta, tana matsawa a kan takardar. Layi ɗaya ta ja, kamar wancan na bango, daga wuya zuwa ƙugu, amma ta ɗora ɗaurin ɗankwali mai kunne biyu a sama, wutsiyar kitso biyu sun leƙo ta ƙeya, a baya kuma ta yi wani ɗan tudu da ƙulli a ƙirji. Fuskar fili ce.

Ta miƙa wa Inna tana dariya. "Kaka, ga kishiyarki, yau da kitsonta."

Inna ta karɓa da hannu biyu don kada lallen ya shafe, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ta ce, "Wannan ai goyon fari ne. Dubi yadda ta ɗaure majanyi can sama, tsoro take kada ya zame." Ta juya wurin amarya ta ce a samo mata ƙusa.